Bindigar da Alhaji Isufu ke shafa wa mai

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Saint-Denis, muna tsaye ana gaishe-gaishe, wani ɗalibi ɗan Tawa ya dube ni ya ce wai idan ya gama karatu bai samu aiki ba, shagonmu zai zo. A ganinsa sayar da bindiga bai fi sayar da burodi wuya ba, a miƙo kuɗi ka miƙa ƙarfe. Abokansa suka yi dariya, ni ma na yi, amma maganar ta tsaya mini a rai har na isa gida. To ku yara, ku gyara zama. Sunana Haruna, ɗan maƙeran Damagaram ne ni, kuma na yi kusan shekara ashirin ina gyaran bindigogin farauta da sayar da su, da fari a Lyon, daga baya a Paris. Ƙarfen ba ya ba ni wahala sosai. Masu ƙarfen ne suka sa mini furfura.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a shi ne in goge wani guntun ƙarfe har ya miƙe sumul. A farkon shekarun dubu biyu ne. Na zo Lyon karatun kanikanci, karatun ya ƙi ni, ni ma na ƙi shi, sai wani malaminmu ya haɗa ni da wani tsoho mai shagon bindigogi, Fernand, gajere mai gashin baki, kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa saboda ƙarar harbi. Da ya ji cewa ubana maƙeri ne, sai ya miƙo mini magagari da guntun ƙarfen. Na ce a raina yau Bature zai ga jinin maƙera. Kullum in kai masa da yamma, ya ɗaga shi saitin fitila, ya kanne ido, ya maido mini. Haka muka yi ta yi har sanyi ya shiga ya fita, kafin ya yarda in taɓa bindigar mutane.

Ko a lokacin ma ƙusoshi kawai nake kwancewa. Kowace ƙusa a jikin bindigar farauta da nata turnabis, wato abin kwance ƙusa, wanda kai za ka wasa bakinsa da hannunka har ya zauna daidai a cikin tsagar. In ya zame ya karce jikin bindigar, ka shiga uku. Na taɓa ganin ƙaton mutum mai jikoki yana share hawaye saboda karce ɗaya da ya samu kusa da hoton agwagwar da aka zana a jikin tasa. Ba a shagonmu aka yi ɓarnar ba, amma mu muka ba shi kujera da ruwa.

Sai aikin awo. Bindigar farauta kamar riga take, sai an auna mai ita: tsawon hannu, faɗin kafaɗa, kaurin kumatu, da idon da ya fi gani. In gindinta ya yi tsawo a rage katakon, in ya gaza a ƙara. Amma duk maharbin da ya kuskure zomo, laifin bindiga ne. Akwai wani mai gidan burodi da ya dawo mana da tasa har ta gaji da hanya, wai tana karkata hagu. Fernand ya kai shi filin gwaji bayan gari, muka tsaya muna kallo, ashe mutumin nan da zarar ya taɓa kunamar bindigar sai ya rufe idanunsa duka biyu. Ba a faɗa wa maharbi irin wannan magana kai tsaye. Fernand ya ce masa bindigar ta gyaru, sai dai irinta tana son mai ita ya ga launin tsuntsun bayan ya harba, ya zo ya ba mu labari. A makon nan ya kawo mana fakara ɗaya da burodi cike da kwando.

Dokar kuwa, ku da kuke cewa miƙa-in-miƙa, ita kaɗai karatu ce. Mutum ba ya sayen bindigar farauta sai ya ci jarrabawa ya samu farmi, wato izinin farauta, kuma kowace shekara sai ya sabunta shi. Ko kuwa ya zama ɗan ƙungiyar masu wasan harbi, da shaidar likita. Harsashi ma sai ka nuna takarda. Da can bindigogi lamba-lamba aka kasa su, muna zaune aka mayar da su haruffa, muka sake hadda kamar ƴan makaranta. An hana harbi da dalma a bakin ruwa, aka ce sai harsashin ƙarfe, wanda tsofaffin bindigogi ba sa jurewa, tsofaffin maharba suka yi ta zaginmu kamar mu muka kafa dokar. Watan Satumba in an buɗe farauta, harsashin da kowa ke so ya ƙare, kowa kuma ya rantse da shi kakansa ya yi harbi. Farashi kuwa, akwai tsohuwar mai baki biyu da ba ta kai wayar hannunku tsada ba, akwai wadda ta fi mota. Ƴan uwanmu ma ba su bar ni ba. Wani baƙo daga Maraɗi ya taɓa roƙona in naɗe masa ɗaya a cikin darduma ya sa a akwati ya hau jirgi, wai ai ba ɗure take ba.

Aikin da ya cinye mini baya shi ne kai akwatin ajiya. Akwati ne na ƙarfe mai tsawon mutum, Faransawa na kiransa kofur, a ciki ake kulle bindigogi. Daga sama akwai wani ɗan ɗaki mai nasa makulli, na harsasai, don doka ta ce kada a ajiye bindiga da abincinta wuri ɗaya. Za ka hau da shi bene a kafaɗa, don rabin gidajen Lyon na da ba su da na'urar hawa, ka huda bango, ka ɗaure shi da manyan ƙusoshi, sannan ka jefa wata ƴar jaka mai tsotse laima a ciki don kada ƙarfe ya yi tsatsa. Idan mai akwati ya mutu makulli ya ɓata, mu ake kira mu buɗe. A nan na san Bature. Bayan bindigogi mun sha tarar da taba, da cakulan, da tsiran alade a rataye, duk abubuwan da likita ya hana marigayin. Kofur shi ne wuri ɗaya a gidan da matar ba ta isa ta buɗe ba, kuma doka ce ta tsaya masa. Fernand kan ce kowa ya shiga zauren gidanka, cikin ɗaki sai amini, amma mai buɗe kofur ya shiga inda ko matarka ba ta shiga ba, saboda haka abin da ka gani a ciki ka haɗiye shi. Na ce masa mu ma muna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ya ce in maimaita a kunnen dama.

Da Fernand ya rufe shago ya koma ƙauyensu, ya haɗa ni da wani abokinsa mai shago a Paris, na tattara na dawo nan. Ban daɗe ba Alhaji Isufu ya shigo mini. Mutumin Madawa ne, mai fassara a wani babban ofishi, dogo, mai tumbi, mai fara'a. Muka gaisa har muka gaji, ya tambayi iyali da sanyi da gajiya, sannan ya rage murya ya ce kofur yake so. Na tambaye shi wace irin bindiga gare shi, don in san tsawon da zan ba shi. Ya ce babu. Na ce to wacce zai saya? Ya ce ko a mafarki bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ragon layya ma wani yake yanka masa. Ya dai ji an ce akwatin ba ya bukatar farmi, kuma gaskiya ne, kowa na iya sayensa.

Sai da na kai masa shi gida, ina durƙushe ina huda bangon ɗakin kwanansa, ya faɗa mini gaskiya. Likita ya ce yana da ciwon sukari, ga hawan jini. Matarsa Hajiya Rabi ta ɗauki maganar likita kamar saukar aya. Ta kwashe sukari daga gidan, ta hana gishiri, shayi ma sai baƙi ƙirin kamar magani. Ya ɓoye kilishi a aljihun babbar riga ta gano, ya sa alkaki a bayan littattafai ta gano, har cikin takalmin sanyi ya gwada. Shi kuwa duk wanda ya zo daga gida da tsarabarsa yake zuwa: kilishin Madawa, dabinon Agadas, cuku, nakiya, alkakin garinmu. Ya ce, "Malam Haruna, mutum ya bar ƙasarsa, ya bar danginsa, sannan a ce ya bar kilishi? To me ya rage?"

Ni ba likita ba ne, mai kofur ne. Na ɗaure masa shi da kyau, na jefa masa jakar tsotse laima har biyu. Daga baya ya shaida mini bai taɓa cin kilishi mai ƙaras-ƙaras irin na cikin akwatin nan ba, ko a Madawa.

Hajiya kuwa ya ce mata ya shiga ƙungiyar maharba ne, likita ya ce ya riƙa motsa jiki, kuma doka ta hana kowa taɓa akwatin sai mai shi. Tun daga ranar ta lulluɓe shi da zane, in za ta wuce ta gabansa sai ta yi addu'a ta ratse. Shi kuma kullum bayan la'asar ya shiga ɗaki ya turo ƙofa, wai zai shafa wa bindiga mai, ya fito da yatsu suna ƙyalli. Wata rana a wurin wani suna a La Courneuve, Hajiya ta tare ni ta tambaye ni ko da gaske ne bindiga sai an shafa mata mai kullum, kuma me ya sa man ke ƙamshin yaji. Na ce mata ƙarfe yana son kulawa, mai kuwa iri-iri ne. Haka aka shekara biyar ko shida.

Sannan muguwar shekara ta zo, ƙarshen 2015, lokacin da aka zubar da jinin bayin Allah a Paris. Ku da yawanku ba ku iso ba tukuna. Gari ya yi tsit, kowa na tsoron kowa. A shago abu biyu ya same mu. Mutanen da ba su taɓa ganin harsashi ba suka riƙa shigowa suna son bindiga yau-yau, muna mayar da su da haƙuri. Wasu tsofaffin abokan ciniki kuma, waɗanda na auna wa kafaɗa da hannuna, suka riƙa tsayawa a bakin ƙofa in sun ga ni kaɗai ne a kanta. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na koma bayan shago wurin magagari, na bar mai shagon da gaba. Ana ta binciken gidaje a unguwanni, duk wanda aka samu da makami ba takarda, aikinsa da takardar zamansa sun tafi, in ma bai kwana a kurkuku ba.

Hajiya Rabi ta ji wannan a wurin mata, hankalinta ya tashi. Ta roƙi Alhaji ya rabu da bindigar nan, ya ce ta kwantar da hankalinta. Ta ga ba zai ji ba, sai ta yi abin da take ganin zai cece shi. Wata safiya ya tafi aiki, ta sa mayafinta ta tafi ofishin ƴan sanda da ƙafarta, ta ce mijinta mutumin kirki ne, maharbi ne, tana so a zo a karɓi bindigarsa cikin mutunci kafin wani ya yi masa sharri. Suka duba, ba su ga sunan Alhaji cikin masu farmi ba, ba su ga wata bindiga da sunansa ba.

Da azahar aka kira shago, don lambarmu na manne a ƙofar akwatin. Na ɗauki injin huda da jakar kayan aiki na hau metro, jirgin ƙasan cikin gari. Na tarar da ƴan sanda a ɗakin kwana, shugabarsu wata mace mai sanyin magana, Hajiya na tsaye a bakin ƙofa, Alhaji kuma an ɗauko shi daga ofis yana zaune a bakin gado, gumi na zuba a cikin wannan sanyi. Shugabar ta bayyana mini cewa mutumin ya ce makulli ya ɓata, ya kuma ƙi faɗin irin makamin da ke ciki. In an buɗe yanzu an ga abin da ke nan, za su san yadda za su yi. In kuwa ya ci gaba da wasa da su, za su tafi da shi, kuma a wannan lokaci wanda aka tafi da shi ba ya dawowa da wuri.

Na durƙusa kusa da Alhaji kamar ina duba ƙusoshi. Ya sunkuyo ya raɗa mini da Hausa, "Malam Haruna, ka ce musu su cire akwatin su tafi da mu tare, a buɗe a can. Gara su da ita."

Na ce masa in ya shiga motar nan, kafin magariba labari ya kai ofishinsu, kuma ba za a ce kilishi ba ne. Na tuna masa takardar zamansa da karatun ƴaƴansa. Ya ce duk ya sani, amma ni ban san Hajiya ba. Na miƙe na roƙi shugabar ko za a bar matar gidan ta jira a falo, saboda haɗari. Hajiya ta ji Faransancin sarai. Ta ce shekara shida tana kwana kusa da abin nan, yau sai ta ga fuskarsa.

Maganar Fernand na kunnena, amma bai taɓa cewa a bar mutum ya tafi kurkuku saboda nakiya ba. Ga shi kuma ina ƙin huda makulli mai lafiya, musamman wanda ni na ɗaura. Tun shigowata na ga wani baƙin zare a wuyan Alhaji ya shige cikin riga. Na miƙa hannu na ce, "Alhaji, ba ni layar nan." Ya dube ni kamar na sayar da shi a kasuwa, ya ciro ya ba ni.

Ƴan sanda suka sa kowa ya ja baya. Na murɗa makulli, na ja ƙofa. Ƙamshin yaji da ƙuli-ƙuli ya cika ɗakin. A maratayin bindigogi faifan kilishi ne a tsaye, a jere, kowane a gurbinsa. A ƙasa dabino da cuku. Na buɗe ɗan ɗakin harsasai na sama, ga sukari mai ƙwaya da alkaki da nakiya. Ko ba komai Alhaji ya bi doka, bai haɗa su wuri ɗaya ba.

Wani saurayi cikin ƴan sandan ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Shugabar ta sa safar hannu ta ɗaga kilishi ɗaya ta tambaye ni mene ne. Na ce nama ne. Ta tambaya daga ina. Alhaji ya ce daga Madawa, da alfahari ma, don ba ya iya ɓoye wannan. Ta ce shigo da nama daga waje a cikin akwati haramun ne a dokarsu, amma wannan aikin ƴan duwan ne, wato kwastan, ita makami ta zo nema. Suka duba sauran gidan, suka ba Hajiya haƙuri, suka sauka. Tun daga matakala muke jin dariyarsu.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta matso ta tsaya gaban akwatin da ta shekara shida tana ratse wa, ta daɗe tana kallo. Muna jiran faɗa, Alhaji har ya sunkuyar da kai ya shirya. Sai ta yi magana a hankali.

"Kullum in ka shiga ka rufe ƙofa, ina falo ina roƙon Allah kada abin da ke cikin akwatin nan ya kashe mini miji a ƙasar mutane. In ka fito lafiya in ce yau ma ta kuskure ka. Ashe ba ranar da ta kuskure."

Alhaji ya ɗago kai. Na ga idonsa ya cika. Ni kuma na shiga tattara kayan aikina, duk da ban yi amfani da ko ɗaya ba.

Ina ɗaure jaka Hajiya ta miƙo hannu, na sa mata makullin a tafi. Ta tambaye ni ko akwai wani irinsa a shago, na ce babu, kuma ba a yankawa sai da mai akwati. Ta ce to daga yau ita ce mai akwati. Ba ta zubar da komai ba. Ta mayar da ƙofar ta kulle, ta rataya zaren a wuyanta.

Har yanzu kofur ɗin na nan, na je bara na sauya masa jakar laima. Ranar Juma'a bayan masallaci Hajiya ke buɗewa, ta yago kilishi kamar faɗin tafin hannu, da dabino ɗaya, ta ba shi ya ci a falo a gaban kowa. Tumbin ya sauka, yana hawa bene ba ya haki, ya aurar da ƴaƴa biyu. Shi ne dattijon nan mai farar hula da ke tsaye kusa da ni ranar da ɗan Tawa ke cewa aikinmu miƙa-in-miƙa ne. In kun lura, bai tsaya an gama gaisawa ba, ya yi sallama ya kama hanyar gida da sauri.